TAKOBIN ARAHA: YADDA SABON MAI SAYE ZAI RARRABE ƘARFEN KIRKI DA NA BANZA

A 'yan shekarun nan wata sha'awa ta shigo wa samarin malamai da akawuna, watau sha'awar sayen takobi. Wani don hawan Salla ya ke saye, wani don ya rataya a bangon zaurensa, wani kuwa so ya ke ya tara su iri iri, kamar yadda waɗansu ke tara littattafai ko tsofaffin kuɗi. Wannan sha'awa ba ta da aibu, gama takobi yana cikin kayan da kakanninmu suka bar mana. Amma albashin malami bai isa ya sayi mai tsada ba, saboda haka na araha ya kan nema, a nan kuwa a ke cutarsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don in bayyana wa masu karatu hanyoyin da mutum zai bi ya gane ƙarfen kirki tun kuɗinsa na cikin aljihu.

ABIN DA NA GANI A DINAWA

Kwanan baya na fita rangadin makarantu a ƙasar Wurno, na sauka Dinawa. A can na tarad da wani saurayin malami wanda na taɓa koyarwa a kwalejin horon malamai. Bayan mun gama duba littattafan aji, ya ja ni masaukinsa, ya ce yana da abin da zai nuna mini. Ya ɗauko wani takobi mai jan kube da tuntaye, ya zare, sai walƙiya ya ke yi kamar madubi. Ya ce daga hannun wani dillali mai yawon kasuwanni ya saye shi, ya ba da kusan sulusin albashinsa na wata. Da na karɓa na ɗan girgiza shi, sai na ji ruwan takobin yana motsi cikin mariƙinsa. Na ce mu kai wa maƙeri ya duba.

Maƙerin dattijo ne. Muka gaisa, na ce, "Baba, ga wani ɗan aiki mun kawo a duba mana." Ya juya takobin sau biyu, ya ɗauki magagari ya goga a bakinsa, magagarin ya ci ƙarfen kamar sabulu. Ya dafa shi bisa gwiwa ya danna kaɗan, takobi ya lanƙwashe, ya zauna a lanƙwashe. Da ya kwance mariƙin, sai ga wani siririn ƙarfe, bai fi kaurin fensir ba, an liƙa shi da walda a gindin ruwan. Dattijo ya ce, "Malam, wannan ai ba takobi ba ne, kwalliya ce. Ranar da yaron nan ya ɗaga shi bisa doki ya kaɗa, ruwan zai fice ya bar shi da mariƙi a hannu, kowa ya tarar kuwa shi ke nan."

Asarar kuɗin ba ita ta fi tayar mini da hankali ba. Malamin ya gaya mini dillalin ya yi masa alkawarin ƙara masa wani sabo irin wannan, in ya kawo masa wani tsohon baƙin takobi na kakansa da ke rataye a ɗakin baffansa. Muka aika aka roƙo shi. Kubensa ya ƙoƙe, fatar mariƙin ta yi baƙi da hannu, ba ƙyalli ko kaɗan. Maƙeri ya kafa tsininsa bisa itace ya danna a hankali, ya saki, takobi ya koma sak kamar ba a taɓa shi ba. Ga kwarmi uku a tsakiyarsa, ga tambarin jinjirin wata biyu. Saura kaɗan a yi musayar doki da jaki.

ASALIN TAKUBBANMU

Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ba baƙuwar takobi ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno don ta zama ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, a can ya rasu cikin 1837, a can kuma kabarinsa ya ke. Shekara guda kafin rasuwarsa, cikin 1836, shi ya ja rundunar da ta yi yaƙin Gawakuke. Mayaƙan da aka zaunar a garuruwan kwarin Rima manoma ne da damina, 'yan yaƙi da rani, saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami tsohon takobi a gidan da ba na sarauta ba.

To, daga ina waɗannan takubba suka fito? Kashi biyu ne. Akwai waɗanda maƙeranmu suka ƙera da ƙarfen tama, wanda a ke narkarwa a gida. Akwai kuma waɗanda ruwansu ya ƙetaro Sahara a bayan raƙuma, ta hannun fataken Larabawa. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano cikin 1851. Ya ƙiyasta ruwan takobin da a ke kawowa kasuwar Kano ya kai 50,000 a shekara, ko wane a kan wuri 1,000, ya kuma ce kusan duk waɗanda ya gani daga Solingen suka fito, wani gari a Jamus da ya shahara da ƙirar wuƙaƙe da takubba. Tsirara a ke kawo su, a nan a ke yi musu mariƙi da kube. Shi wannan Bature ya zauna Wurno cikin 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba.

Mai karatu ya lura da abu guda a nan. Takobin araha ba yau aka fara shi ba. Ruwan da a ke kawowa dubu dubu ba na sarakunan Turai ba ne, na kasuwa ne, an yi shi don talaka ya iya saye. Sai dai a wancan zamani mai saye ransa ya ke dogarawa a kan takobin, saboda haka ba ya saye sai ya gwada. Bayan Turawa sun ci Sakkwato cikin watan Maris na 1903, takobi ya bar fagen fama ya koma kayan ado, gwaji kuma ya fara gushewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ya kuma iso Kaura Namoda cikin 1929, ƙarfen Turai ya yi yawa, narkar da tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Maƙera suka koma kan tsofaffin ƙarafa, waɗansu nagari, waɗansu na banza.

Siffar takobinmu sananniya ce, iri ɗaya ce da ta Buzaye, su ma "takoba" su ke ce masa. Miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, mai faɗi a gindi, tsawon ruwansa ya kan kai inci 30 ko ya ɗara kaɗan, tsininsa kuwa sau da yawa ba mai soka ba ne, a kewaye ya ke, don sara aka yi shi. Masana sun yi rubutu a kansa. A. D. H. Bivar ya wallafa littafi cikin 1964 a kan makamai da sulken Arewa, L. C. Briggs kuma ya yi nazarin ruwan Turai da ke jikin takubban Buzaye cikin 1965.

ME YA RABA ƘARFE DA ƘARFE?

Kafin mu zo kan gwaji, ya kamata mu fahimci abin da a ke gwadawa. Ƙarfe tsantsa mai laushi ne. Abin da ke ba shi tauri shi ne wani sinadari da a ke kira kabon, shi ne kuwa asalin gawayi. In ka raba ƙarfe kashi 1,000, kabon ɗin da ke ciki bai kai kashi 3 ba, to, wannan ƙarfe ba ya ɗaukar tauri sosai ko yaya aka yi da shi. Irinsa ne ƙusa, da ƙarfen ƙofa da taga, da farantin da masu walda ke yanka. In kabon ya kai kashi 5 zuwa 8, wannan shi ne ƙarfen takobi. In ya kai kashi 10, ya yi kyau ga aska da magagari, amma dogon takobi na irinsa yana son gwanin maƙeri, in ba haka ba ya kan karye. In ya wuce kashi 20, ya zama ƙarfen zubi, wanda ke fashewa in ya faɗi.

Takubban da a ke kawowa daga ƙasashen waje, kamar Indiya da Pakistan da Sin, wani lokaci a kan rubuta lamba a jikinsu ko a takardarsu, kamar 1045, ko 1060, ko 1095. Lambobi biyu na ƙarshe su ke nuna yawan kabon. Watau 1045 yana da kashi 4 da rabi cikin 1,000, shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a yarda da shi, 1060 yana da kashi 6, 1095 kuwa kashi 9 da rabi. Lamba 5160 ta ƙarfen sifirin ce, irin wanda ke ƙarƙashin babbar mota, kabon ɗinsa wajen kashi 6 ne, da ɗan sinadarin kuromiyam a ciki. Shi ya sa maƙeran da suka san aikinsu su ke neman tsohon sifirin mota. Amma rubutu a takarda ba ya sa ƙarfe ya zama abin da aka rubuta, sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Akwai kuma ƙarfen nan mara tsatsa, irin na cokali da wuƙar tebur. Kuromiyam ɗinsa ya kan wuce kashi 10 cikin 100, shi ke hana shi tsatsa. Ga gajeriyar wuƙa ba shi da laifi. Amma dogon takobi na araha da aka yi da shi, in an taurara shi ya kan karye farat ɗaya, gutsuren ya yi tsalle, in kuwa ba a taurara shi ba ya kan lanƙwashe. Irin wannan na bango ne kawai.

Ƙarfe nagari ma bai isa ba sai an hore shi da wuta. Maƙeri ya kan zuga shi har ya yi ja, har maganaɗisu ya daina kama shi, wannan kuwa yana faruwa a wajen zafin digiri 770 a ma'aunin Salshiyas. Ya ƙara masa wuta kaɗan, sa'an nan ya tsoma shi cikin mai ko ruwa. A wannan hali ƙarfen ya yi tauri ƙwarai, amma kamar kwalba ya ke, bugu ɗaya zai fasa shi. Sai a goge shi, a sake ɗumama shi a hankali, a riƙa duban launinsa. Ya kan fara da ruwan ƙasa mai haske kamar karan dawa, ya koma ja ja mai duhu, sa'an nan ya yi shuɗi a wajen digiri 300. Launin karan dawa na wuƙa ne, shuɗi na sifirin ne da takobi. Wannan aiki na biyu shi ke sa takobi ya lanƙwasa ya komo. Yana cin gawayi, yana cin lokaci, ba kuma ya bayyana ga ido, saboda haka shi mai neman riba da sauri ya kan fara tsallakewa.

GWAJI TAKWAS

Na farko, mariƙi. Shi na sa gaba don shi ke kashe mutum. Ruwan takobi yana da wutsiya da ke shigewa cikin mariƙi. Ga takobin kirki wutsiyar jikin ruwan ce, ƙarfe ɗaya ne, tana da faɗi a kafaɗa, tana ratsa mariƙin har ta fito ƙarshensa a daddale ta. Riƙe takobin, ka bugi gefen mariƙin da tafin hannu. In ka ji ƙwar ƙwar, ko ka ga gicciyen ƙarfen da ke tsare hannu yana rawa, ajiye shi. In mai sayarwa ya ce ba a iya ganin wutsiya, tambaye shi wa ya ƙera. In bai sani ba, ka ɗauke shi a kan na bango.

Na biyu, miƙewa. Ɗaga shi daidai idonka ka bi bakinsa da kallo daga gindi zuwa tsini, kamar yadda kafinta ke duba katako. Ɗan karkata kaɗan ga aikin hannu ba kome ba ne. Amma in ya murɗe kamar igiya, wajen tsomawa aka ɓata shi, ba ya gyaruwa da sauƙi.

Na uku, kauri da nauyi. Takobin kirki ya fi kauri a gindi, yana ragewa sannu sannu zuwa tsini. Wanda aka yanko daga farantin ƙarfe kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, shi ya sa ya kan rinjayi hannu kamar taɓarya. Ɗora shi bisa yatsa ka nemi inda zai tsaya bai rinjaya ba. Wurin nan ya kamata ya zama bai wuce taƙi guda daga mariƙi ba. Nauyinsa duka kuwa wajen kilo guda ne. Kada a ruɗe ka da cewa nauyi shi ne ƙwari.

Na huɗu, lanƙwasawa. Da izinin mai shi, kafa tsinin bisa itace, ka danna a hankali har tsakiyarsa ta kauce kamar faɗin yatsa uku, ka saki, ka sake duba miƙewarsa. In ya komo sak, an hore shi. In ya zauna a karkace, ko dai ƙarfen mai laushi ne, ko ba a hore shi ba. In ya ƙi motsi sam kuma siriri ne, yi hattara, mai yiwuwa ya yi taurin karyewa. Ka kawar da fuskarka sa'ad da ka ke wannan gwaji, kada kuma yara su tsaya kusa.

Na biyar, magagari. Tafi da ɗan ƙaramin sabon magagari a aljihu. Goga shi sau ɗaya a bakin takobin kusa da mariƙi, inda ba zai ɓata shi ba. A kan ƙarfe mai laushi magagari ya kan nutse ya fid da gari. A kan takobin da aka hora daidai ya kan kama kaɗan da ƙyar. In ya zame ɗungum kamar bisa gilashi, taurin ya yi yawa. Yana da kyau ka fara gwada magagarinka a gida, a kan ƙusa da kuma a kan guntun sifirin, don hannunka ya san bambancin.

Na shida, amo. Rataye takobin da zare, ko ka riƙe shi sako sako, ka ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe. Mutane da yawa sun dogara ga wannan, suna cewa mai dogon amo shi ne nagari. Gaskiyar magana, amo ya fi ba da labarin tsaga da sakin mariƙi bisa ga labarin irin ƙarfe. Mai tsaga amonsa gajere ne, a dushe. Saboda haka ka yi wannan gwaji, amma kada ka yanke hukunci da shi kaɗai. Haka kuma maganaɗisu. In bai kama takobi ba, lalle na ado ne. In ya kama, bai nuna kome ba, gama yana kama ƙusa ma, yana kuma kama irin ƙarfe mara tsatsa da a ke yin wuƙaƙe da shi.

Na bakwai, tartsatsi. Wannan ga wanda zai sa a ƙera masa ne. Roƙi maƙeri ya taɓa guntun ƙarfen da zai yi aikin da shi a injin wasa wuƙa. Ƙarfe mai laushi tartsatsinsa dogaye ne miƙaƙƙu, ba rassa da yawa. Mai kabon tartsatsinsa ya kan fashe ya yi rassa rassa kamar kan gero. Kada a yi wannan a jikin takobin da aka gama, balle tsoho.

Na takwas, fatar ƙarfen da kube. Kai shi rana ka duba da kyau. Siririn layi kamar gashi da ya gitta baki tsaga ce, irin wannan takobi ya mutu. Sifirin da ya gaji a ƙarƙashin mota ya kan zo da tsagarsa tun daga can. Ƙyalli irin na madubi sau da yawa shafe ne aka yi don a rufe aibu, in ka duba gindi ko tsini za ka ga inda ya fara ɓarewa. Kwarmin da ke tsakiya ya kamata ya tafi a miƙe, zurfinsa ɗaya. Kube kuwa ya riƙe takobi, kada ya zubo in an kifa shi, kada kuma sai an yi kokawa kafin a zare. Duba zoben da hamila ke shiga, gama shi ke ɗauke da nauyin duka a bisa doki.

Akwai gwajin da ban yarda da shi ba. Waɗansu dillalai su kan sari ƙusa ko dutse a gaban mai saye, ko su haɗa bakin takobi biyu. Wannan ɓarna ce. Takobin da ya tsira yau ya ɗauki raunin da zai karya shi gobe.

TAMBARI DA TSUFAN ƘARYA

Tsofaffin ruwan Turai su kan zo da tambari. Akwai siffar kyarkeci mai gudu, wadda ta samo asali daga garin Passau, maƙeran Solingen suka ɗauka. Akwai jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, akwai zaki. Da mutanenmu suka ga masu wannan tambari sun fi daraja a kasuwa, maƙeran gida da na Azbin suka shiga buga irinsa a kan nasu aikin, tun ba yau ba. Saboda haka tambari shi kaɗai ba shaida ba ne. Na Turai ya kan fito daidai, da zurfi ɗaya, don da hatimi mai kyau aka buga shi. Na kwaikwayo sau da yawa ya kan karkace, ko a ga an ɗiɗɗiga shi da kurfi.

Yanzu kuma wata dabara ta fito, watau tsufar da sabon takobi. A kan shafa masa gishiri ko ruwan batir, a binne shi 'yan kwanaki, a fito da shi a ce na yaƙin jihadi ne. Tsatsar jiya ja ce, tana bin yatsa kamar gari. Tsufan gaske baƙi ne ko toka toka, mai santsi, bakin takobin kuma ya ɗan shige ciki saboda wasawar shekaru. In ka ga sawun injin wasawa, layuka ƙanana a jere, a ƙarƙashin tsatsa, to, ka san takobin bai girmi injin ba. Haka zanen ruwa ruwa da a ke cewa ƙarfen Dimashƙa ne. A kan na araha yawanci zane ne aka ci da ruwan asid a bisa fata, gogewa kaɗan ke tafiya da shi.

Wani abu kuma, tsohon takobin tama na gida ya kan fi na Turai laushi. Wannan bai rage masa daraja ba. Darajarsa tana ga tarihinsa. Gajere, takobin sarautar Katsina, da wanda a ke ajiye da shi a fadar Daura, ba don kaifinsu a ke girmama su ba.

DOKA DA AMANA

Malamai da akawuna su ya kamata su fi kowa sanin doka. Tun 1953 aka kafa dokar kayan tarihi a Nijeriya, aka sabunta ta cikin 1979, sa'ad da aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Aikin hannu na ƙasar nan da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da dokar ta kira kayan tarihi. Ba a fita da irinsa waje sai da takardar izini, cinikinsa ma dokar ta taƙaita shi ga waɗanda hukuma ta amince wa. Saboda haka wanda ya zo ƙauye yana musayar sabon takobi da tsoho, ba alheri ya kawo ba.

Shawarata ga sabon mai tarawa ita ce ya bar tsofaffin takubba a gidajen da suka gaje su. In akwai a gidanku, zauna da dattawa ka rubuta wa ya mallake shi, daga wa ya gada, wane yaƙi ko wace tafiya ya je da shi, ka auna shi, ka ɗauki hotonsa. Takobin da ya rabu da labarinsa ya zama guntun ƙarfe. Rashin kwanciyar hankalin da ya sami gabashin Sakkwato a 'yan shekarun nan ya ta da mutane da yawa daga garuruwansu, mai gudun hijira kuwa ya kan sayar da abin da ya fi ƙauna a kan kuɗin hatsi. Kada malami ya zama mai cin ribar wannan hali. In an rasa wurin ajiya, akwai gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, a nemi shawararsu.

In kuwa saye za ka yi, tafi wurin maƙeri da kanka, ko na garinku, ko na unguwar Maƙera Assada a birnin Sakkwato. Gaya masa abin da ka ke so, na ado ko na hawa. Ka ga ƙarfen, ka ga wutsiyar kafin a rufe ta, ka biya shi ladan horon wuta ba tare da ƙwauro ba, sa'an nan ka kai wa baduku ya yi kube. Kuɗin da za ka ba dillali a kan biyu na banza ya kan isa ɗaya na kirki. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda kuma ya sayi na bango da saninsa, don ado kawai, bai yi laifi ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Laifin shi ne a sayar maka da na bango da sunan na hawa.

KIYAYEWA

Takobin ƙarfen kirki yana tsatsa, wannan halinsa ne. Shafa masa ɗan man keken ɗinki, ka goge sawun yatsa duk sa'ad da aka taɓa shi. Da damina kada ka bar shi wata da watanni cikin kube, gama fata tana riƙe laima. Kada ka kai tsohon takobi ga injin wasawa don ya yi haske, baƙin nan da ke jikinsa shi ne shaidar shekarunsa. Rataye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Takobin hawa ba ya bukatar kaifi, a bar bakinsa a dakushe ya fi. Kada kuma a yi yawo da shi a kasuwa ko a taron siyasa, wurinsa gida ne da filin hawa.

Shi malamin Dinawa, na sami labari ya mai da takobin kakansa ɗakin baffansa, ya kuma cika shafi huɗu da abin da dattawan gidan suka gaya masa a kansa. Mai jan kuben nan yana nan bai jefar ba. Ya kan kai shi aji tare da ƙusa da guntun sifirin da magagari, ya koya wa yara bambancin ƙarafa. Ina fata sauran malamai za su ɗauki wannan darasi tun ba su biya kuɗin da ya biya ba.